Reshen Sista

A asibitin nan babu mai kiranta da sunanta, Mai Bishiya ake ce mata. Aikinta kenan a ɗakin gwaje-gwaje: a kawo mata ƙwayoyin cuta, na'ura ta karanta haruffan halittarsu, ita kuma ta zuba a kwamfuta ta fito da zane mai rassa, wanda ke nuna wace ƙwaya ce 'yar'uwar wace. Gwana ce, wannan babu musu. Aibinta ɗaya, tana son zane ya yi kyau fiye da kima.

Jarirai biyar suka kamu da cuta iri ɗaya a ɗakin jarirai. Duk sun warke, amma hukumar asibiti ta ce sai an gano mafarin abin. Aka goga auduga a gadaje da wuraren wanke hannu da hannun kowane ma'aikaci, aka kawo mata. Ta haɗa bishiyar, ta zaɓi salon da manhajar ke daidaita rassa su jeru kamar haƙoran matsefi, saboda shi ke shiga takarda ɗaya tsaf. Ta aika wa hukuma ba tare da ko layin bayani ba, ta tafi hutun kwana goma abinta.

Ranar da ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba abokiyar aikinta ta tare ta.

"Ke, bishiyarki ta yi aiki fa! An kama mai laifi."

"Wane mai laifi?"

"Sista babba ta ɗakin jarirai. Ba hannunta ne a ƙasan jariran a zanenki ba, daf da su? Kwananta tara a dakace. Yau ƙarfe goma za a yanke ko a sallame ta."

Mai Bishiya ta ajiye jakar. Ta buɗe kwamfuta tana tsaye. Ga jariran biyar a jere, ga layin da ta rubuta wa "hannun Sista" a ƙasansu. A samansu kuwa wani layi ne da ta yi ganda ta bar masa lamba kawai, sha huɗu. Ta danna maɓallin da ke mayar wa kowane reshe ainihin tsawonsa, zanen ya miƙe, sai ta kurma ihu har abokiyar ta saki kwalbar da ke hannunta.

"Lafiya?"

"Ba ita ba ce! Wallahi ba ita ba ce!"

Goma saura minti biyar. Ta rungumi kwamfutar, waya na jan ƙasa a bayanta, ta haye bene hawa uku tana taka matakala bibbiyu. Murna da kunya suka haɗu suka cika mata ƙirji, don ta san wannan aika-aikar tata ce.

Ta faɗa ɗakin taro ba sallama. Shugaban asibiti na zaune a kan tebur da takardarta a gabansa, an zagaye layin Sista da jan biro. Sista kuma tana can gefe, dattijuwa mai shekara ashirin da shida a bakin aiki, ta ɓoye hannuwanta a cinya.

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti uku," in ji Mai Bishiya tana haki, tana cusa waya a majigi. "A hoton ma'aikatan can na bango, wa ke tsaye kusa da kai?"

Shugaba ya waiga. "Direban motar marasa lafiya."

"Ƙaninka ne?"

Wani likita ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

"To haka bishiyar nan take. Ba maƙwabtaka ake dubawa ba, inda rassa suka haɗu ake bi. Ku duba."

Ta danna wata mahaɗar rassa, suka juya, layin Sista ya koma can sama ba tare da dangantakar ta canza ba. Ta sake dannawa ya dawo. Sannan ta saki tsawon rassan. Jariran biyar suka dunƙule wuri ɗaya tare da lamba sha huɗu, reshen Sista kuwa ya yi ta tafiya har ya kusa fita daga allon.

"Tsawon reshe shi ne yawan bambanci. Tsakanin ƙwayar jariran da ta hannun Sista akwai haruffa fiye da dubu uku. Tsakaninsu da sha huɗu, biyu kacal!"

"Wane ne sha huɗu?" Shugaba ya miƙe tsaye.

"Magudanar wurin wanke hannu ce, ranka ya daɗe, na kusa da ƙofa. Har yanzu ana amfani da shi. Laifina ne, ni na aiko zanen da ya ɓoye wannan."

Ɗaki ya rikice. Wannan na kiran mai gyaran famfo, wancan na cewa a rufe wurin yanzu-yanzu. Shugaba ya fara jero ban haƙuri, amma Sista ba shi take kallo ba. Ta taso a hankali ta zo gaban allon, ta bi dogon reshen da yatsa. A nan Mai Bishiya ta ga hannun. Duk ya tsattsage saboda wanki, har da jini a gaɓoɓin yatsu.

"'Yata, nan ce ni?"

"Nan ce ke, Mama. Ki yafe min."

"Buga min wannan, mai dogon reshen. Kwanan jikata goma sha biyu a duniya. Tun da aka ce hannuna ne ban yarda na taɓa ta ba, daga bakin ƙofa nake leƙenta."

Mai Bishiya ta sake fita da gudu. Takarda ɗaya ba ta ɗauki reshen ba, sai da ta buga biyu ta manne su. Sista ta karɓa ta naɗe a hankali, ta dubi shugaba.

"Aiki sai gobe, ranka ya daɗe. Yau akwai wadda zan ɗauka a gida."