Shekara Biyun da Aka Rage wa Auta

Jami'in ɗaukar ɗalibai ya juyo da fuskar kwamfutar wajen Baba, ya ɗora bakin biro a kan ranar haihuwa. Ya ce makin Auta ya wuce abin da ake nema, amma doka ta canja bana: duk wanda bai cika sha takwas ba, ba ya shiga jami'ar gwamnati. Ita kuwa a nan sha shida take.

"Yallaɓai, wallahi ta cika," in ji Baba. "Ni na rage mata."

Jami'in ko gezau. Da gani ba Baba ne ya fara rantsuwa a kan kujerar nan yau ba.

*

Baba masinja ne, ya tsufa yana kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan. A gabansa aka sha sallamar mutane da sauran ƙarfinsu, don kawai takarda ta ce sun isa ritaya. Shi ya sa ranar da ya kai Auta makaranta ya zaftare mata shekara biyu, wai in ta samu aikin gwamnati ta daɗe tana cin albashi. Ya dawo gida yana hura hanci, ya yi wa 'yarsa tanadin da ko attajiri bai yi ba. Da Umma, matarsa, ta ce a bar wa Allah lissafinsa, sai ya ce ita me ta sani a harkar ofis.

*

Baba da Auta suka yi ta zarya neman a gyara ranar haihuwar. A kotu aka ce su koma hukumar jarrabawa, a hukumar aka ce tunda an ɗauki hoton yatsunta da waccan ranar, gyara ya wuce. Umma ta yafa mayafi ta bi su, ta tsaya gaban teburin ma'aikacin hukumar.

"Ɗana, ni na haife ta. Wa zai faɗa mini shekarunta?"

Aka ba ta kujera, aka ba ta haƙuri. Aka kuma sanar da su makin na shekara ɗaya ne, in lokaci ya yi sai Auta ta sake zama jarrabawa. A hanyar dawowa Umma ta ce garin neman gira an rasa ido.

*

Ranar da ƙawayenta suka tafi jami'a, Auta ta taya su kai jakunkuna bakin titi, ta dawo ta jona dutsen guga. Baba ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, kunya ta hana shi shiga.

"Shekara biyu kamar gobe ne, Auta."

"Na sani, Baba. Ai kai ka ajiye mini su."

Ba da fushi ta faɗa ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ta yayyafa wa rigar aikinsa ruwa, ta fara daga wuya.