Hannun Baba a Cikin Tartsatsi

A ajinmu na zane-zane a Samaru akwai wata doka da na tsana. Ranar da za a duba aikinki, ke bebiya ce. Za ki kunna bidiyonki, ki koma gefe ki zauna, 'yan aji su yi ta feɗe shi, ba ki da bakin magana sai sun gama. Ni kuwa Diana, ko a coci sai Mama ta mintsine ni nake yin shiru.

Aikin da aji ya amince da shi ne kawai ke shiga baje kolin ƙarshen shekara. Ni kuma na riga na cika baki a gida. Na ce wa Baba ya tanadi kaftaninsa na zuwa coci, don aikina zai hau bango. Baba Toma mai walda ne a Chikaji, bai taɓa taka cikin jami'a ba, kuma tun ranar duk wanda ya kawo gyaran ƙofa ko taga sai ya sha labarin.

A shagonsa na ɗauki bidiyon. Tartsatsi ne zalla, yana tashi, yana zuba, yana mutuwa a ƙasa. Na rage gudunsa, na yanke duk inda mutum ya leƙo. A ganina na gama da 'yan aji.

Malama Clementina ta sa aka ja labule, majigi ya haska bango. Da bidiyon ya ƙare, Nedu, ɗan Sabon Gari mai bakin tsiya, shi ya fara.

"E fine, no be lie," in ji shi da Turancin buroka, wai ya yi kyau. "Amma wannan wuta ko a Legas haka take. Ina Chikaji a ciki?"

Japheth, wanda ba ya barin ko ƙura ta wuce, ya ɗora. "Akwai ma kuskure wajen ƙarshe. Wani hannu ya shigo ya ture kyamara. Ki yanke shi, it's distracting."

Kunya ta rufe ni. Duk tankaɗen da na yi, wannan ya kuɓuce mini.

Sai Eniola, wadda ba kasafai ake jin muryarta ba, ta ce a mayar da wurin. Aka mayar. Wuta ta yi fari fat, sai ga wani hannu mai kanta da tabon ƙuna ya rufe kyamara, hoton ya girgiza, ya ja da baya.

"Wannan ba turewa yake ba, tarewa yake yi," ta ce. "Duk bidiyon nan, a nan ne kaɗai gabana ya faɗi. Hannun wa ne?"

Na buɗe baki, Malama ta ɗaga mini yatsa. Suka yi ta musu a gabana. Japheth ya ce mai shago ne da ya gaji da surutuna, aji ya kwashe da dariya. Nedu ya ce a'a, wanda ya gaji da kai ba ya sa hannunsa tsakaninka da wuta. Ni dai ina zaune ina haɗiyar magana. Da yake an hana ni kare kaina, dole na kalli abin da suke kallo.

Ba su amince ba, ba su kuma ƙi ba. Aka ce in sake kawowa mako mai zuwa.

Na ji haushi ƙwarai, har na isa gida ban kula kowa ba. Amma da na buɗe tarkacen da na yanke na zubar, sai na ga hannun nan ko'ina. Duk sanda na matso kusa da wuta, ga shi. Har da muryar Baba: "Ke, ja baya! Wutar nan tana cin ido." Lokacin ɗauka haushinsa nake ji, wai yana ɓata mini aiki.

Na sake haɗa bidiyon, wuta da hannu, wuta da hannu, na bar muryar yadda take. Japheth ya ce har yanzu farkon ya yi tsawo. Ya yi gaskiya, na datse. Aji ya amince.

Ranar baje koli Baba ya zo cikin kaftanin nan, ya sha guga har yana ƙyalli. Nedu ya rusuna ya gaishe shi, idonsa na kan hannayen Baba, sannan ya taɓo Eniola. Na zaunar da Baba a gaba, kusa da ni, raina fes.

Aka ja labule. Tartsatsi ya fara zuba a bango, wuta ta soma yin fari. Kafin hannun cikin bidiyon ya iso, sai na ji tafi mai kaushi ya rufe mini ido.

"Baba, hoto ne fa," na raɗa masa.

"Na sani," ya ce. "Ki dai bari ta wuce."

Ban ga sauran bidiyon ba, ban kuma janye hannun ba.