Motar da ke Kwana a Kan Tudu

Ƙafafun Yasin makanike kaɗai ake gani daga ƙarƙashin motar sa'ad da Mas'udu ya sake cewa, "Baba, don Allah ka bar ta ta huta."

Baba Ayuba yana zaune kan tabarma a inuwar dogon yaro, ya miƙe ƙafafunsa da suka kumbura. Ya kau da kai daga ɗansa, ya kira makanike.

"Yasin, fito ka gaya mini gaskiya. Kada ka yi mini irin ta likita."

Yasin ya jawo jiki ya fito, bayansa duk rairayi. "Baba, injin yana haɗa ruwa da mai. Sai an sauke shi, a nemo kaya a Magarya. Aikin kwana goma ne."

"Ka ji ko?" in ji Mas'udu. "Mai sayen tsohon ƙarfe zai zo ran Alhamis. A ba shi ita. Da kaka ni da kaina zan kawo maka wata daga Damagaram, wadda ake tayarwa da makulli kamar ta mutane."

Ni ina tsaye a ƙofar gidana, na yi kamar ina gyaran igiyar akuya. Katanga ɗaya ce ta raba mu da Baba Ayuba. Shekara talatin da wani abu yana jan wannan bashe, tsohuwar Fijo mai buɗaɗɗen baya, yana kai mutane da awaki da buhunan gyaɗa kasuwannin Guci da Dungas da Mallawa. Agogon kilomitarta ya tsaya tun shekarar da fara ta cinye gero. Demarer ɗinta kuwa, abin da ke tayar da inji, ya mutu shekara bakwai da suka wuce. Tun daga nan kullum yamma sai ya hau da ita kan tudun da ke gaban gidajenmu, hancinta yana kallon gangare, ya tokare taya da ɓarin tsohon turmi. Da safe a janye turmi, ta gangara, ta yi tari biyu, ta tashi. A ƙauyenmu babu wata mota sai ita.

Da na ji an ce kaka, sai igiyar ta suɓuce mini. Lokacin gero bai wuce gwiwa ba. Ƴata ta fari kuwa tana cikin gidana, ta dawo goyon ciki, watanta takwas. Haihuwar fari ce. Daga nan zuwa gidan likita na Guci kilomita sha huɗu ne na rairayi da tabki. Ƙanwata Amira a kan wannan hanya ta rasu, cikin amalanken shanu, shekara ashirin da suka wuce, kafin mu kai rabi. Ni ne mai korar shanun.

Amma mu Fulani ne, ko da yake mun zauna mun kama noma tun zamanin kakana. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a nuna an damu da shi, balle a yi zancen cikinsa a gaban maza. Ko yanzu da nake rubutun nan hannuna ya ƙi sunan, sai dai in a bakin wani ya fito. Don haka na matso na ce, "Ni dai a ganina gyara ya fi. Saboda... kasuwa."

Baba Ayuba ya ɗago ya dube ni. Shi Babarbare ne, bai taɓa barin Bafillace ya wuce lafiya ba.

"Kasuwa? Me za ka kai kasuwa da tsakiyar damina, Rabe? Ciyawa?"

"Akwai ragowar wake."

"Tiya uku. Na ga matarka Fadi tana auna shi. Ka ɗora wa jaki mana."

Yasin ya yi dariya. Ni na sunkuya na ɗauki igiyata. Mas'udu bai gane ba, don shi a birni yake aiki. Ya ce, "Yaya Rabe, kai ma ka taya ni. Likitocin Damagaram sun ce zuciyarsa ce, ya bar tuƙi. Ba motar ce damuwata ba."

Gaskiya ya faɗa.

Baba Ayuba ya juya wurin Yasin. "In ka gyara ta, za ta kai kaka?"

"Za ta kai, da yardar Allah. Amma ban ce za ta ga wata daminar ba."

"To ai ni da ita tafiyarmu ɗaya ke nan. Sauke injin."

"Baba!"

"Mas'udu, sabuwar motarka Allah ya sa albarka, ka hau abinka. Ni ina da fasinja ɗaya da ba zai jira kaka ba." Ya ɗaga murya yadda za a ji ta bayan katanga. "Nasiba! Matata da ta guje ni ta auri yaro! A kawo wa tsohon miji fura ko a'a?"

Daga cikin gidana yarinyar ta amsa da dariya, "Ka fara sayo mini zane tukuna, tsoho mai ran ƙarfe!"

Ni kuwa na ja akuyata na yi bayan gida, kunnuwana suna zafi.

Aikin kwana goma ya zama sha shida. Kullum in na dawo daga gona sai in bi ta wurin, in tambayi Yasin lafiyar iyalinsa. Rannan ya ce, "Yaya Rabe, yau sau uku ke nan kana gaishe da iyalina. Suna lafiya. Injin ma jibi zai hau." Fadi, mai ɗakina, ita ma ta lura ba na cin tuwo sosai. Sai ta riƙa faɗa wa bango, "Yarinyar nan yau ta ci abinci da kyau," ni kuma in yi kamar ban ji ba.

Ranar da motar ta tashi, hayaƙi ya rufe tudu, mata suka yi guɗa don wasa. Baba Ayuba ya shiga ya zauna, ya ɗora ƙafa kan kuloci, ya danna. Na ga gumi ya keto masa. Ya sake gwadawa, ƙafar ta ƙi. Ya daɗe yana kallon sitiyari. Sannan ya matsa ɗaya kujerar a hankali, ya buga wadda ya bari da tafin hannu.

"Shigo, Bafillace."

"Ni? Baba, ni babur ma da ƙyar. Ba ni da farmi, takardar tuƙi."

"Wane jandarma ne zai shigo wannan taɓon don ya tambaye ka farmi? Shigo. Ai ba ta harbi kamar saniyarku."

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar, in na ajiye hauya, sai mu gangara. Sau biyar a makon farko na saki kuloci da wuri, ta mutu a gindin tudu, sai an kira samari daga dandali su turo ta sama suna yi mini waƙa. Baba Ayuba yana ta faɗa. "Dezyam na ce maka, giya ta biyu! Kai a lakkol me aka koya maka?"

"Aji huɗu na yi, Baba."

"An gani."

In faɗan ya gajiyar da shi sai ya jingina kai, ya koya mini abin da ya ce ya fi tuƙi: inda ake tsayawa. Mai irin wannan mota ba ya kashe inji sai a kan tudu, shi kuwa ya san kowane tudu daga nan har iyaka. "A Dungas, bayan ƴan kara. A Mallawa, wajen rijiyar makiyaya, amma ka kula da jakuna. A Guci, gefen gidan likita ta gabas, akwai wata tsamiya. Maimaita." In maimaita kamar ɗan makaranta. Wata rana ya ce, "In ka ji tana kuka kamar ana niƙan tsakuwa, kada ka tsorata, halinta ne. In ta yi shiru, nan ne za ka tsorata."

Ran wata Talata aka kwana ana ruwa. Da hantsi duk mazan gari sun tafi gona maimai, ni ma na ɗauki hauya ke nan sai Fadi ta sha gabana. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ungozoma ta ce wannan ba na gida ba ne."

Ban san sa'ad da na isa ƙofar Baba Ayuba ba. Kwana uku ke nan bai fito ba. Na iske Inna Hinda, matarsa, tana sa masa hula, yana cewa ta yi sauri. Ta katanga ya ji. Na ce ya zauna, ni zan iya. Ya ce, "Kai kaɗai? Kama ni."

Aka shimfiɗa katifa a baya, Fadi da ungozoma suka hau da yarinyar. Ban waiwaya ba. Na zauna, na dubi gangaren, na dubi gari: babu namiji ko ɗaya, sai tsofaffi da awaki. In ta mutu a ƙasa, babu mai turo ta.

"Bisimilla," in ji Baba Ayuba. "Hinda, janye turmi."

Motar ta fara tafiya shiru, taya tana murƙushe jiƙaƙƙen rairayi. Ƙafata tana so ta saki kuloci, sai na ji hannunsa a kan gwiwata, ya danne. "Tukuna. Tukuna. Bari ta wuce turken jaki." Muka wuce turken jaki, gangaren ya kusa ƙarewa. "Yanzu!" Na saki. Ta yi tari ɗaya, ta girgiza, ta yi shiru. "Ba ta mai, ɗan Fillo!" Na taka. Ta yi tari na biyu, ta kama.

Ban iya tuna hanyar duka ba. Na dai tuna muryarsa, ƙasa-ƙasa, tsakanin numfashi da numfashi. "Dama. Bi sawun amalanke. Wannan tabkin ƙasansa tauri ne, shiga kada ka tsaya." Da muka zo daidai kukar da muka tsaya da Amira, idona ya koma kanta. Shi ma yana wurin a waccan ranar, ya zo daga baya da motar nan ya ɗauko mu. Sai kawai ya ce, "Ka dubi gabanka, Rabe."

A Guci na sauke su a ƙofa, na kai motar gindin tsamiya ta gabas, na tokare ta da dutse. Muka zauna jira. Azahar ta yi, na yi salla, shi ya yi tasa a zaune cikin mota. Na zaga motar ban san sau nawa ba. Can wata ma'aikaciya ta fito tana goge hannu, ta ce, "Ina uban mai haihuwa?"

Na durƙusa wajen tayar baya, na shiga latsa ta.

"Ga shi can yana duba taya," in ji Baba Ayuba ta taga. "Bafillace ne, ba ya jin Hausa yau. Gaya mini, ni ne mijinta na fari."

"An samu mace. Uwa da ɗiya lafiya. Da kun ƙara awa ɗaya dai, da zancen ya sake."

"Mace? Alhamdu lillahi, na yi sabuwar amarya. Rabe, tayar nan lafiyarta ƙalau?"

"Lafiya lau, Baba," na ce. Ban iya ɗagowa ba sai da na jima.

Majo, babban ma'aikacin wurin, ya fito ya ga ƙafafunsa, ya ce a shigo da shi. Baba Ayuba ya yi masa godiya, ya ce an riga an duba, an gaya masa abin da ke nan. "Gida nake so, ɗana."

Baba Ayuba ya ga ranar suna. A kan kujera aka fito da shi, aka ɗora masa jaririyar a cinya, ya ce hancin Fulani ne, an cuce shi. Ya ci naman suna loma biyu. Kwana tara bayan haka, ran Juma'a da hantsi, ina zaune kusa da shi, Mas'udu yana masa fifita, ya tambaya ko an zuba wa motar ruwa. Na ce an zuba. Ya ce, "Madalla." Ya yi kalmar shahada a hankali, kamar mai lissafa tuddai. Inna Hinda ce ta shafa masa ido.

A kafaɗa muka kai shi. Maƙabarta ba ta da nisa, kuma kowa yana son ya kama makara. Muka bi ta gaban motar, muka gangara tudun a ƙafa.

Bayan addu'ar bakwai Mas'udu ya same ni a ƙofar gida, jakarsa a kafaɗa. Ya ce mai tsohon ƙarfe ya sake kira. Na ce, "To, ai dukiyarku ce."

"Na ce masa ba yanzu ba." Ya miƙo mini makullin, wanda aka ɗaure da igiyar fata. "Inna ta ce matar Habu mai shayi watanta bakwai. In motar ta sake lalacewa ka kira ni, mu ga abin da za a yi. Amma Yaya, don Allah ka je Magarya ka yi farmi."

Na kai shi tasha a Dungas, na tsaya bayan ƴan kara. Da na dawo rana ta yi sanyi, gero ya fid da kai ko'ina. Na hau tudu, na juya hancinta ga gangare, na kashe inji. Inna Hinda ta riga ta fito da ɓarin turmin a hannu. Ta tokare tayar da kanta, ta ɗan dafa ƙofar da yake zama, ta koma ciki. Daga bayan katangata ana jin wata tana rarrashin jaririya, kaji kuma suka fara shiga ƙarƙashin motar ɗaya bayan ɗaya, inda injin yake da sauran ɗumi.