Takin Alhaji Gimba

Alhaji Gimba, shugaban wata ƙungiyar 'yan albasa a kasuwar Ose Okwodu da ke Onitsha, bai taɓa sha'awar kifi ba sai a cikin miya. Amma da ya je ɗaurin aure Enugu, a falon wani attajiri a unguwar Ogui ya ga akwatin gilashi cike da ruwa garai-garai, ƙananan kifaye suna kai da kawo, ga wata doguwar ciyawa kore shar a jere can baya kamar labule. Baƙi suka bar abinci suna kallo. Nan take ya ji duniya ta cuce shi.

Da ma yana cikin damuwa. Zaɓen ƙungiya ya matso, a falonsa za a yi, matasa kuma sun fara guna-guni wai ya daɗe a kujera, a ba Zainulabidin. Alhaji ya yi lissafinsa: mutumin da ke da kifi a falo, wa zai iya kallon idonsa ya ce ya sauka?

Sai ya sayi nasa. Mai sayarwar da kansa ya kawo akwatin, ya zuba tsakuwa, ya dasa ciyawar kara-kara a baya, ya ɗora fitila a sama.

"Oga Alhaji, this one dey grow fast o," in ji shi, wato ciyawar na da saurin girma. Ya yi bayani cewa in ta kai saman ruwa a yanke kawunan da almakashi, a sake dasa su cikin tsakuwa, in ba haka ba za ta tare wa gindinta haske.

Alhaji ya yi masa kallon tausayi. Da mutumin ya fita ya ce wa matarsa Rahinatu, "Kin ji shirme? Ni ɗan manomi ne, jikan manomi. A garinmu wanda ya sare kan dawa tun ba ta nuna ba, ɗaure shi ake yi."

Rabonsa da riƙe fartanya tun kafin ya yi gemu, amma Rahinatu ba ta tuna masa ba.

Ciyawa ta yi ta tsawo, Alhaji ya yi ta baza labari a kasuwa. Har masu dakon buhu sun san yana da lambu a cikin ruwa. Ta kai sama, ta kwanta a kan ruwan, ta yi rumfa. Sai ganyen ƙasa suka fara rawaya suna zubewa, karan suka koma tsirara kamar ƙafar balbela.

"Alhaji, mutumin nan fa ya ce a rage mata kai," in ji Rahinatu.

"Ke da aka haifa a Head Bridge, tsakiyar birni, me kika sani game da shuka? Yunwa take ji. Shuka in ta yi rawaya, taki take nema."

Ya hau okada da kansa ya je wurin masu awaki, ya dawo da ƙullin leda. Ya sa turmi ya daka, ya yi bismilla, ya barbaɗa tafi biyu a ruwan. Ya ƙara na uku saboda zaɓe.

Washegari ruwan ya yi duhu. Alhaji ya ce ƙarfi ne ke shiga. Ranar taro da safe ruwan ya koma kore kirtif, kifayen duk sun mutu sun taso, ciki a sama, falon kuma ba ya shiguwa. Ya karɓi atamfar Rahinatu ya lulluɓe akwatin, ya sa aka kunna turaren wuta kasko biyu.

Mutane suka cika falo. Baba Lawal, dattijon ƙungiya, ya gaishe shi tiryan-tiryan, ya tambayi iyali da kasuwa da gajiya, hancinsa na motsi.

Zainulabidin ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, kullum muna jin labarin lambu. Yau dai Allah ya yi za mu gani."

"Kifin suna hutawa."

"Ai ba za mu tashe su ba, leƙawa kawai."

Aka yi ta roƙo har Baba Lawal ya miƙa sandarsa ya ɗage atamfar. Sai wani daga baya ya ce, "Alhaji, miyar kuka ce aka yi mana a gilashi?"

"Taki na ba ta!" in ji Alhaji da ƙarfi. "Wanda bai san noma ba ya yi shiru."

"Takin me?"

"Na awaki mana, mai kyau."

Dariya ta ɓarke, har wani ya ƙware. Baba Lawal bai yi dariya ba. Ya matsa ya kara fuskarsa da gilashin, ya daɗe yana duban karan da suka ruɓe a ƙasa da tulin ganyen da ya toshe sama.

"Gimba, wanda ya sayar maka bai ce komai a kan wannan ba?"

"Cewa ya yi wai in yanke kan. Ni kuwa ba a taɓa kai a gidana."

"To," in ji Baba Lawal, ya koma ya zauna. "Mun gani. Na ƙasa ma sun gani."

Ba a yi dogon jawabi ba, don kowa na son fita ya sha iska. Aka ce masu son Zainulabidin su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, har da na waɗanda ɗaya hannun ke toshe da hanci.

Da aka watse, Alhaji ya zauna shi kaɗai gaban lambunsa. Bai yarda takin ne ba. Ya fi zargin ruwan Onitsha, wanda bai san darajar taki ba.

Rahinatu ta leƙo, ta ɗauki atamfarta da yatsa biyu.

"Alhaji, a kawo abinci?"

"Me aka dafa?"

"Tuwo," ta ce, idonta a ƙasa. "Da miyar kuka."