Kunnen Hagu

Tun da suka zauna a bencin, hannun Baba Mai Takalma yake dafe da aljihun gaban rigarsa, kamar mai ciwon ƙirji. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta gaji da kallonsa, ta raɗa masa cewa ya sauke hannun nan haka, kada ma'aikatan su zaci shi ma tasa takardar mutuwar ya zo karɓa tun da sauran numfashi. Bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya motsa. Yarinyar nan bakin uwarta ta kwaso, ko kaɗan ba ta rage ba.

Ofishin rajistar haihuwa da mutuwa ɗaki ne guda a bayan ginin ƙaramar hukuma, mai taga biyu. Ta dama ta masu jarirai ce, ta hagu ta waɗanda aka yi wa rashi. Benci kuwa ɗaya ne tal, don haka mai murna da mai hawaye kafaɗa da kafaɗa suke zama, fanka tana kaɗa musu iska ɗaya.

Watanni ke nan da rasuwar matarsa, kuma watanni ke nan yana zille wa tagar hagun nan. Yau ƙafa, gobe aiki ya yi yawa, jibi wai ya ji an ce ma'aikatan suna yajin aiki. Sai da hukumar kasuwa ta aiko cewa shagon da yake gyaran takalma a ciki sunan marigayiya ne a kansa, domin ita ce ta yi ta sintiri har aka ba su, lokacin da shi yake cewa ba za a samu ba. In ba a kawo takardar shaidar mutuwa an sauya suna kafin ƙarshen wata ba, wani za a ba. Da jin haka Auta ta ɗauki hutu a wurin aikinta, ta zo ta tasa shi a gaba.

Ba layi yake tsoro ba, ba kuma tambayoyi ba. Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ne ya gaya masa cewa sai an miƙa katin shaidar mamaci an lalata shi kafin a ba da takardar. Katin nan kuwa shi ne a aljihunsa, kuma a jikin katin ne kaɗai fuskarta ta rage a duniya.

Tsohuwa, haka yake kiranta tun suna da ƙuruciya saboda faɗanta, ba ta ga maciji da hoto. Da an ɗaga kyamara za ta tuna ta bar tukunya a wuta. A wayar Auta akwai bayanta, akwai gwiwar hannunta, akwai tafin hannunta da ta kare fuska da shi, amma fuskar babu. Auta ta ɗauki hoton katin a waya, ta kuma kai an yi kwafinsa a takarda. Ya duba kwafin ya ce sun mayar masa da mata gawayi. Wayar kuwa, yatsunsa da gam da zare suka farfasa ba sa jituwa da gilashi, yana taɓawa sai Tsohuwa ta gudu wani abu ya fito. Shi wanda ta riƙe da hannunta yake so, mai lanƙwasa a gefe saboda ɗaurin bakin zane.

A hoton ta haɗe rai kamar an ci mata bashi. Mai ɗaukar hoton ne ya ce sai ta janye ɗankwali kunnuwa biyu sun fito, shi kuma Baba yana tsaye a bayansa yana yi mata gwalo. Kunnen dama da ɗan kunne, na hagu babu.

Kunnen hagun nan yana da tarihi. Babban ɗansu ne ya fizge ɗan kunnen tun yana goye, wurin ya yi ciwo, da ya warke sai hudar ta toshe. Tun daga lokacin take binsa ya sake huda mata. Wai mutumin da yake huda fata daga safe har yamma, ya huda bel, ya huda takalmi, ya huda jaka, ɗan kunne guda ya gagare shi? Sau da yawa ya ɗauko basilla ya gasa a wuta, ta karkata kai ta rufe ido, sai hannunsa ya kama rawa ya ajiye. Fatar da yake hudawa ba ta cewa wayyo. Ta raɗa masa suna Sarkin Tsoro. Da 'ya'yan suka girma suka ce su kai ta a huda mata a kanti, ta ce tana da mai huda a gida, ba za ta kai wa bare kunnenta ba. Haka ta ƙare rayuwarta da ɗan kunne ɗaya, ɗan'uwansa yana kwance a shago cikin gwangwanin ƙananan ƙusoshi, yana jiran ranar da Sarkin Tsoro zai yi zuciya.

Mutumin da ke gabansu ya juyo daga taga riƙe da takarda da kuma katin mahaifinsa. Baba ya saci kallo. An mayar masa da katin, amma da rami a tsakiyar fuska, faɗin maɓallin riga. Ido ɗaya da hanci sun tafi. Baba ya ƙara dafe aljihunsa.

Mai rajistar mace ce mai gilashi, wadda ba ta ɗaga murya ba ta kuma sauri. Ta tambayi suna da watan rasuwa da asibitin da aka yi jinya, ta yi ta bin sunayen da asibiti ya aiko a kwamfuta da yatsa har ta tsaya a kan ɗaya. Ta karanta musu, Auta ta ce ita ce. Ta tambaye shi mene ne shi a wurin marigayiya, ya ce mijinta ne, sai ya ji kalmar ta yi masa nauyi a baki. Ta yi musu gaisuwa, ta buga takardar, ta danna hatimi, sannan ta miƙo hannu ta ce a kawo katin.

Ya ce ya manta shi a gida.

Mai rajistar ta dubi hannun da ke dafe da aljihu ta saman gilashinta. Ta ga irinsa ba iyaka. Ta yi masa bayani a hankali cewa ba riƙe katin za ta yi ba, doka ce ta ce a huda hoton don kada wani ya yi amfani da shi da sunan mamaci. Ta nuna masa abin hudar, wani ƙaton ƙarfe baƙi mai faffaɗan baki. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana auna rami da ido, kallo ɗaya ya yi ya san ba abin da zai rage na Tsohuwa sai haɓa da ɗankwali.

"'Yata," ya ce, "dokar ta faɗi inda za a huda?"

Ta ce a jikin mutumin da ke hoton dai, ba a farin bayansa ba.

"Ta faɗi girman ramin?"

Ta ce a gaskiya dokar ba ta faɗa ba. Abin da ta sani shi ne sai haske ya wuce ta ciki, kuma sai a gaban idonta.

Ya sa hannu a aljihun wando ya zaro ƙarfen huda bel, mai kama da filaya, wanda Auta ta yi ta fama da shi da safe ya bari a gida. Auta ta dafe kai. Na bayan layi suka fara gunaguni, wata mai jariri daga tagar dama ta ce su yi haƙuri mana, ba wanda zai kwana a nan.

Ya juya bakin ƙarfen zuwa mafi ƙanƙanta, wanda yake huda igiyar agogo da shi. Ya fito da katin ya goge shi a hannun riga, ya zura shi a bakin ƙarfen, ya daidaita a kan kunnen hagu. Sai hannun ya kama rawa, irin rawar nan ta da, ba ta tsufa ba. Auta ta matso ta ce ya kawo ta yi masa. Ya girgiza kai. Ai Tsohuwa ta riga ta faɗa, ba za ta ba wani kunnenta ba.

"Tsaya cik, Tsohuwa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kada ki motsa."

Ƙarfen ya yi ƙas.

Mai rajistar ta karɓa ta ɗaga wajen taga. Ɗan haske kamar ƙwayar gero ya ratso ta leɓen kunnen, fuskar kuwa tana nan yadda take, a murtuke, ba abin da ya taɓa ta. Ta daɗe tana kallo fiye da yadda aikin yake buƙata. Ta rubuta cewa an soke katin, ta haɗa masa da takardar ta miƙa da hannu biyu, ta kira na gaba.

A hanya Auta ta so su wuce hukumar kasuwa kai tsaye tun ba a tashi ba, ya ce sai sun biya shago. Yana buɗewa ya zazzage gwangwanin ƙusoshi a kan tebur, ya yi ta tonawa da yatsa har ya samo ɗan kunnen hagun, ya yi duhu saboda daɗewa. Ya hura, ya murza a rigarsa, ya zura a hudar katin. Ya shige daidai kamar an auna.

Auta ta kalli ɗan kunnen yana lilo, ya fi kan uwar tata da ke hoton gaba ɗaya girma. Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta zauna a kan kujerar masu jiran gyara, dariyar ta koma wani abu dabam, ta rufe fuska da gyale. Da ta samu magana ta ce, Baba, ai ya yi mata yawa.

"Ke ba ki san uwarki ba," ya ce. "Cewa za ta yi na daman ne ya yi ƙanƙanta."

Ya jingina katin a kan kantar shagon saitin inda yake zama, tsakanin kwalbar gam da ƙullin zare, ya gyara masa tsayuwa. Sannan ya ninke takardar ya miƙa wa Auta, ya ce su tafi kada a rufe.