Bammin da Aka Bari Ya Sha Iska

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu magana. Mai jayayya da wannan ya je garin Barugo ya tambayi Mano Taleon; Mano laƙabin girmama manya ne a can.

Shekara talatin ke nan, duk Lahadi in an taso daga coci, tsofaffin unguwarsu kan zauna gindin mangwaron bakin teku su sha bammi da ɗan abin taɓawa. Kofi ɗaya ke zagayawa, mutum ɗaya ke zubawa, kuma ba tsufa ke ba mutum wannan kofi ba. Lahadin farko na watan Mayu kowa kan kawo bammin da ya adana a ɗanɗana. Wanda nasa ya fi, shi ke riƙe kofi har shekara ta zagayo. Shekara huɗu a jere kofin na hannun Mano Tibo, abokin Taleon tun suna yawo ba wando, mutumin da bai iya cin nasara ya yi shiru ba.

Bana Taleon ya shirya. Daga kwakwar gonarsa ya tara bammin, ya sa masa ɓawon itace har ya yi jajir, ya yi ta juye shi daga kwalba zuwa kwalba yana barin laka a ƙasa. Da ya tsaya garau sai ya cika wata ƙatuwar kwalba mai cin galan biyar har wuya, ya toshe, ya liƙe bakin da kyandir, ya tura ta ƙarƙashin matakala. Shekara biyu ko matarsa Lumen ba ta da izinin kai tsintsiya wurin.

Ana nan sai ɗansu Wenceslao ya dawo hutu. Shekara tara ya yi yana zuba wa Turawa giya a jirgin ruwa, ya dawo da kofuna shida masu doguwar ƙafa, da kwalaben giyar inabi, da baki.

“Tatay, ba haka ake yi ba,” in ji shi ga ubansa tun cin abincin farko; Tatay ake kiran uba a can. “Jar giya da nama ake sha, fara da kifi.”

“Bammi ja ne,” in ji Taleon, “kuma da kifi kakanka ya sha shi har ya shekara tamanin da tara. Ci abincinka.”

Ran Litinin Taleon ya tafi garin Ormoc dubo ƙanwarsa da ba ta jin daɗi. Ran Asabar da rana ya dawo, gobe ke nan za a ɗanɗana. Tun daga ƙofa hancinsa ya ba shi labari. Ya leƙa ƙarƙashin matakala, wayam. Can kan teburin baranda ya hango bamminsa a cikin babbar robar wanki, a buɗe, ƙananan ƙudaje na biki a kai.

“Wency!” ya ƙwala wa ɗansa kira.

“Na'am, Tatay. Ka gani? Na ba shi iska.”

“Ka ba shi me?”

“Iska. Duk jar giya mai shekaru sai an buɗe ta ta sha iska, sannan ƙamshinta ke fitowa. Kwalba guda awa ɗaya take so. To wannan ya kai kwalba ashirin da biyar, ga shi ya daɗe a rufe, sai na ce…”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar da ka tafi.”

Taleon ya tsoma yatsa ya lasa. Tsamin ya bi ta haƙoransa ya fita ta kunne. Ya zauna a kan matakala, ya daɗe yana duban wannan ƙato mai shekara talatin da biyar da ya haifa da kansa.

“Shekara biyu ina gadinsa kar iska ta shiga,” ya ce. “Na tsare shi daga ɓera, na tsare shi daga uwarka, ashe ɓarawon na can teku ana koyar da shi. Kai, ko yaron goye a garin nan ya san bammi in ya ga iska ruwan tsami yake komawa!”

“Taimakonka na so yi, Tatay. Na gaji da jin Mano Tibo yana maka dariya.”

“Garin neman gira an rasa ido. Tashi ka ba ni wuri.”

Lumen ta fito daga kicin, ta lasa ita ma, ta ɗaga gira. Ta ɗebi kwano guda ta koma.

Kashegari Taleon bai ɓuya ba, don wanda ya ƙi zuwa ya fi wanda aka kayar shan kunya. Ya je gindin mangwaro, Wenceslao na biye da babban kwanon da Lumen ta ba shi: ɗanyen kifi da ta jiƙa a ruwan tsamin, da citta da albasa da barkono.

“Padi, ina kwalbar da aka shekara biyu ana mana wa'azi a kanta?” in ji Tibo; Padi aminai ke kiran juna a can.

“Ga ta nan a kwano. Ku ci.”

Labari kuwa ya riga su isa. Tsofaffi suka yi dariya har wani ya ƙware. Ba a ma tsaya ɗanɗana na sauran ba, aka bar wa Tibo kofinsa shekara ta biyar. Ya zuba, kofi ya zagaya, hannuwa suka shiga kwano. Sai dariya ta ragu, taunawa ta ƙaru. Kafin kofi ya zagayo sau biyu an suɗe kwanon.

“Gaskiya, Padi,” in ji Tibo yana lasar yatsa, “ban taɓa cin kifin da ya dace da bammina kamar wannan ba. Baɗi ma ka yi mana tsamin, ni in kawo abin sha. Kowa da baiwarsa.”

Wannan ta fi dariyar ciwo. Taleon ya karɓi kofi daga hannunsa, ya shanye, ya mayar. A hanyar gida suka zo daidai gonar. Ya tsaya, ya zare wuƙar yankan kwakwa daga ƙugu ya miƙa wa ɗansa.

“Saura kwana nawa hutunka?”

“Wata biyu, Tatay.”

“Ya isa galan biyar. Safe da yamma za ka hau kwakwa ka taro bammi. Can sama akwai iska, ka sha iyakar shanka.”