Kainuwa a Akwatin Gilashi

"Hannunta na da kyau, amma yarinyar ba ta tambaya."

Ina bayan ƙofar lab ina ɗauraye kwalabe na ji Mista Wilfred ya gaya wa firinsifal haka. Ita kuma ta ce, "To, mu gani zuwa ƙarshen tam," takalmanta suka yi ƙwas-ƙwas ta wuce. Na tsaya da kwalba a hannu har ruwan sabulu ya gangaro mini gwiwar hannu. Yabo ne ko zagi? Na kasa rarrabewa.

A 1976 ke nan. Na gama fom biyar a Kagoro, aka ɗauke ni gwaji na tam ɗaya, wato zangon karatu ɗaya, a lab, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na wata makarantar 'yan mata a Kafanchan. In Mista Wilfred, malamin bayoloji, ya sa hannu a takardata ranar da za a rufe makaranta, aiki ya zama nawa. In bai sa ba, in tattara in koma ƙauye tonon citta.

Wanke-wanke da jera kaya ba su ba ni wahala ba. Akwatin gilashi na kiwon kifi ne ya sha mini kai. Wani malami Ba'indiye ne ya tafi ya bar shi, ana ta ajiye alli a ciki. A sati na biyu Mista Wilfred ya ƙwanƙwasa shi da biro.

"Afiniki, a cika wannan. Yashi a ƙasa, shuke-shuken ruwa, 'yan ƙananan kifi. 'Yan fom uku za su yi darasi da shi. Ki haɗa waɗanda za su zauna lafiya da juna. Kin gane?"

"Na gane, sa."

Ban gane ba. Amma a gidanmu in babba ya yi magana, "to" ake cewa, daga baya mutum ya nemi hanyarsa. Ya ba ni wani littafi mai hotuna baƙi da fari da sunaye masu karya harshe. Na duba shafi-shafi, ban ga ko ɗaya da na taɓa gani da idona ba.

Ran Asabar na ɗauki bokiti. A rafin da ke saukowa daga dutse na samo iri biyu masu zama a ƙarƙashin ruwa, ɗaya mai dogon ganye kamar albasa, ɗaya kamar wutsiyar kyanwa, na kuma kamo 'yan ƙananan kifi. A kududdufin bayan kwatas na 'yan reluwe na tsinci kainuwa guda uku, na tono bado ɗaya da saiwarsa.

Na shuka su yadda na ga Mama na yi. Na ja 'yan kunyoyi a yashin, dogaye a baya, gajeru a gindinsu, kamar dawa da wake. Kainuwar na ɗora a sama da gangan. Mu in muka binne citta, da ganye muke rufe ta kada rana ta ƙona ta. Na ce waɗannan ma sabon dashe ne, suna son rufi.

Satin farko abin gwanin sha'awa. Kainuwa uku ta zama takwas, takwas ta zama ashirin, bado ya buɗe ganye kamar faifai. Na ce a raina, gona ta karɓa. Sai na ƙarƙashin suka soma yin rawaya. Shuka in ta yi rawaya ai yunwa take ji, kowa ya sani. Na ƙulle busasshen kashin awaki a tsumma na tura cikin yashi.

Kwana uku ruwan ya koma kore, ya soma wari, kifayen suka taru a sama suna buɗe baki.

Madam Scholastica mai buga tafireta ta leƙo neman ashana, ta toshe hanci.

"Afiniki, miyan karkashi kike dafa mana? To ina tuwon accan?"

Na miƙa mata ashanar.

"Ki tambaye shi mana. Wilfred ba ya cizo, matarsa ce mai cizo."

Ta fita tana dariya. Ba a jima ba shi ya shigo. Ya sunkuya ya kalli akwatin ya daɗe, sannan ya kalle ni.

"Akwai matsala?"

"Babu, sa."

Ya tsaya kamar mai jiran canji, sai ya ce "hmm" ya ɗauki rajistarsa ya tafi. Washegari ne na ji waccan maganar a bayan ƙofa.

Da na san abin da zan tambaya, ƙila da na tambaya. Amma tun ranar farko na ce na gane, kuma kowane sati da ya wuce, "na gane" ɗin nan ƙara nauyi take yi. Ga satifiket ɗina a cikin fayil ɗinsu. Mai fom biyar ta zo tana tambayar yadda ake shuka?

Na cire tsumman, na sake ruwa. Na ja akwatin bakin taga, gansakuka ta rufe gilashin. Na mayar da shi lungu, mai kama da albasa ta soma ruɓewa daga gindi, wutsiyar kyanwa na zubar da gashi. Kainuwa kuwa ko a jikinta, ƙaruwa kawai take yi, saiwoyinta na reto kamar gemu. Na rasa gane ko na iya ne ko ban iya ba. In na duba ta sama, babu gonar da ta kai tawa. In na durƙusa na duba ta gefe, kamar makabarta.

Ran Lahadi bayan sujada na hau bas na je gida. Na sami Mama a bayan ɗaki tana tuge ciyawa a cikin gwaza, ko kayan coci ba ta cire ba. Na ba ta labari.

"Ana cin su?"

"A'a."

"Magani ne?"

"A'a, Mama."

"Awaki fa?"

"Don kallo ne. Yara su koyi darasi."

Ta yi dariya har ta dafa ƙugu. "Boko! A ina kika ɗebo su?"

Na gaya mata.

"Waɗansu daga rafi, waɗansu daga kududdufi? Ke Afiniki. Ubangiji da kansa bai haɗa su wuri ɗaya ba, sai ke?" Ta jefar da ciyawar hannunta. "Ko ta kallo ce, gona gona ce. Dawa na barin wa wake rana, shi ya sa suke zama tare. Wadda ba ta bari, cire ta ake yi. Je ki nome gonarki."

Na ji sanyi a raina har na shiga bas. Muna cikin tafiya abin ya dawo mini sabo. In nome me? A garinmu duka huɗun ciyawa ne. Babu wanda ya taɓa shuka ko ɗaya.

Ranar Jumma'a, ranar rufe makaranta, na zo da sassafe na naɗe hannun riga. Na kama kainuwa cike da hannu. In na kwashe ta da badon, abin da zai rage 'yan tsirarun ganye ne masu rawaya, kamar gonar da fara ta ci. Na sake ta. Na kai hannu ƙasa na kama mai kama da albasa. In na tuge su ita da 'yar'uwarta, akwatin zai yi kore shar daga sama, amma wa ke kallon akwatin gilashi ta sama? Na sake ta ita ma. Kifi ɗaya ya zo yana tsattsagar yatsana.

A haka Mista Wilfred ya same ni, hannu cikin ruwa har gwiwa. Takardar na hannunsa, na hango sunana a sama. Ya ja kujera ya zauna, ya cire marfin biro, ya ɗora takardar a kan benci. Bai rubuta kome ba.

"Afiniki."

"Sa."

"Firinsifal na jirana ƙarfe tara."

Na kalli agogon bango. Saura minti goma. Ruwa na ɗiga daga hannuna kan siminti, ɗis, ɗis, ina jin Madam Scholastica na buga tafireta a ofis.

"Sa, ranar nan da na ce na gane, ban gane ba." Na nuna akwatin da jiƙaƙƙen hannuna. "A cikinsu, wacce ce shuka, wacce ce ciyawa?"